Sa'o'in da Ba a Rubuta a Tikiti Ba

Kowane babban jirgin ruwa na yawon shaƙatawa yana da adadi biyu na fasinjojin da yake ɗauka. Na farko shi ne wanda ake bugawa a takardun talla, kuma ana samunsa ne ta hanyar ƙidaya mutum biyu a kowane ɗaki. Na biyu shi ne iyakar abin da aka yarda jirgin ya ɗauka idan an sauko da gadajen da ke maƙale a bango, an buɗe kujerun da ke rikiɗa su zama gado, an cika su da yara da jikoki. Jirgin Icon of the Seas, wanda aka ƙera a birnin Turku na ƙasar Finlan, ya kuma fara aiki daga Miyami a watan Janairun 2024, yana ɗaukar mutum 5,610 a lissafin farko, 7,600 a lissafi na biyu, ban da ma'aikata kimanin 2,350. Tazarar da ke tsakanin adadin biyu ta kusa kai mutum 2,000. Idan waɗannan mutane suka shigo, ƙofofin jirgin ba sa ƙara faɗi, liftoci ba sa ƙaruwa, teburan cin abinci ma suna nan yadda suke.

Wannan ne ya sa rahotannin shekara na manyan kamfanonin wannan harka suke ɗauke da wata ƙididdiga mai ɗaure kai ga wanda bai san dawan garin ba: cikar jiragensu takan haura kashi 100 cikin 100, a shekarun baya-bayan nan ma takan kai kashi 105 ko sama da haka. Ga mai hannun jari wannan albishir ne. Ga wanda ke cikin jirgin kuwa, ragowar kashin nan da ya haura ɗari shi ne mutanen da ke gabansa a layi.

Mako guda na wasu ma'aurata

Wata mata daga wani ƙaramin gari a arewacin Ingila ta yi aikin jinya shekara talatin da 'yan kai kafin ta yi ritaya. Mijinta tsohon direban bas ne, gwiwarsa ta dama ta lalace, da sanda yake tafiya, likita kuma ya riga ya gaya musu cewa nan da 'yan shekaru doguwar tafiya za ta gagare shi. Sun daɗe suna ajiye kuɗi domin tafiya guda ɗaya: mako guda a Bahar Rum, daga Italiya zuwa tsibiran Girka. Jirgin ruwa suka zaɓa saboda dalili mai ma'ana. Mai ciwon ƙafa ba ya son ɗaura kaya da kwance kaya kullum, jirgi kuwa masauki ne da ke tafiya da mutum yana barci, ya wayi gari a sabuwar tasha. Sun zaɓi watan Agusta saboda a lokacin ne 'yarsu take samun hutun da za ta kula musu da gida. Abin da bai zo musu a rai ba shi ne Agusta watan hutun makarantu ne a Turai, wato watan da gadaje na uku da na huɗu suke cika a kusan kowane ɗaki.

Layin farko ya same su tun kafin su taka jirgin, a babban zauren tasha inda ake duba fasfo da kaya. Na biyu ya same su a gaban lifta. Jirgin yana ɗauke da fasinja sama da dubu huɗu, ɗakinsu yana hawa na tara, ɗakin cin abinci na ɗebi-da-kanka yana can sama. Masu ƙafa lafiya sukan bi matakala idan sun gaji da jira. Shi ba shi da wannan zaɓin, don haka yakan tsaya yana kallon ƙofar lifta tana buɗewa a cike tana rufewa a cike, sau uku, sau huɗu. Zuwa rana ta biyu ya koyi dabarar da tsofaffi da masu keken guragu suke koya a irin waɗannan jirage: a shiga mai sauka, a bi ta har ƙasa, sannan a hau da ita.

Da safe akwai layin ƙwai da layin shayi, sannan zagayen neman tebur da faranti a hannu yana hucewa. A bakin tafkin ninƙaya, kujerun kishingiɗa sukan cika da tawul tun kafin rana ta ɗaga, masu tawul ɗin kuma ba sa nan, sun kama wuri ne sun koma barci. Wasan dare sai an yi rajista a manhajar waya, kujerun kuma sukan ƙare cikin ɗan lokaci. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ƙaramin abu ne, wanda mai hankali zai ji nauyin yin ƙorafi a kansa. Matar, wadda aikin asibiti ya saba mata da rubuta lokaci, ta fara tara mintocin a bayan takardar shirin yini da ake ajiye musu a ɗaki. A ranar da jirgin bai tsaya ko'ina ba, jimillar tsayuwarsu ta haura sa'a biyu.

Yadda jirage suka kai wannan girma

Jiragen fasinja na da hanyar sufuri ne. Titanic, wanda ya nitse a 1912 ɗauke da mutum kimanin 2,200, an ƙera shi ne domin ya kai mutane daga Turai zuwa Amurka. Tun daga ƙarshen shekarun 1950 jirgin sama mai injin jet ya ƙwace wannan kasuwa, domin tafiyar kwana biyar ta koma ta sa'o'i. Masu jiragen ruwa suka nemi wata sana'a, suka same ta a Miyami: a ɗauki mutane a zaga da su tsibiran Karebiyan a dawo da su inda aka ɗauko su. Ted Arison ya kafa kamfanin Carnival a 1972 da tsohon jirgi guda ɗaya. Daga nan jirgin kansa ya zama abin da ake sayarwa, tashoshin da yake tsayawa suka koma ƙari.

Ana auna girman jirgi da wani ma'auni da ake kira tan, amma a nan faɗin cikin jirgi yake nufi, ba nauyinsa ba. Titanic yana da kimanin tan 46,000. A 1996 Carnival Destiny ya zama jirgin fasinja na farko da ya haura tan 100,000. A 2009 Oasis of the Seas ya haura 225,000. Icon of the Seas yana da 248,663, wato ya ninka Titanic fiye da sau biyar, tsawonsa kuma ya kai mita 365.

Dalilin wannan girma lissafi ne mai sauƙi. Jirgi mai ɗaukar mutum dubu shida kyaftin ɗaya yake buƙata, kamar mai ɗaukar dubu biyu. Kuɗin mai da na ƙira da na tasha, idan an raba su a kan kowane fasinja, raguwa suke yi yayin da jirgi ke girma. Wannan ragi shi ne ya sa tafiyar da a da ta keɓanta ga attajirai ta zama abin da ma'aikaciyar jinya da direban bas za su iya tara wa kuɗi, kuma wannan alheri ne na gaske da bai kamata a manta da shi ba. Ƙungiyar kamfanonin wannan harka ta duniya, CLIA, ta ce mutum miliyan 31.7 ne suka yi irin wannan tafiya a 2023, a 2024 kuma miliyan 34.6.

Akwai dalili na biyu da ya sa ba a barin gado a banza. Ɗakin da jirgi ya tashi da shi babu kowa ya yi asarar wannan makon har abada, ba kamar buhun hatsi ba da za a ajiye a sayar gobe. Sannan kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin shigar manyan kamfanonin daga cikin jirgi yake fitowa bayan an sayi tikiti: abin sha, gidan caca, intanet, gidajen abinci na musamman, yawon da kamfani ke shiryawa a tashoshi. Saboda haka gara a karya farashin ɗaki a cika shi, tunda mai ɗakin zai kashe kuɗi a ciki. Jirgin da aka kashe wa kusan dala biliyan 2 ba ya tashi da gurbi idan da yadda za a yi.

Lissafin layi

Ilimin layi ya samo asali ne daga wayar tarho. A 1909 wani masanin lissafi ɗan ƙasar Denmak, Agner Krarup Erlang, wanda ke aiki a kamfanin tarho na Kwafanhagan, ya wallafa bincike a kan yadda kiraye-kiraye suke shigowa ba bisa tsari ba, da yawan layukan da ake buƙata don kada mai kira ya daɗe yana jira. Abin da aka gina a kan aikinsa ya bayyana dalilin da ya sa ƙarin mutane kaɗan kan haifar da jira mai yawa.

A ɗauki teburin karɓar ƙorafi mai ma'aikaci ɗaya, wanda ke sallamar mutum guda cikin minti 2 a matsakaici, wato mutum 30 a sa'a. Bisa tsari mafi sauƙi na wannan lissafi, idan mutum 15 ne suke zuwa a sa'a, matsakaicin jira minti 2 ne. Idan suka zama 24, jira ya koma minti 8. Idan 27 ne, minti 18. Idan suka kai 29, jira ya doshi sa'a guda, minti 58. Har yanzu masu zuwa ba su kai 30 ɗin da ma'aikacin zai iya sallama ba, a takarda komai daidai yake. Abin da ke faruwa shi ne mutane ba sa zuwa a jere kamar carbi, wani lokaci biyar ne za su zo tare, kuma ma'aikacin da ba ya samun sarari tsakani ba ya samun damar cinye tarin da ya taru. Ƙarin fasinja kashi goma a jirgin da ya riga ya kusa cika yana iya ninka jira sau biyu ko fiye.

A cikin jirgi lamarin ya fi haka tsanani, domin agogo ɗaya ne ke juya kowa. Mutanen gari suna tashi a lokuta daban-daban, suna zuwa wurare daban-daban. Mutanen jirgi kuwa sun san za a buɗe ƙofar fita da ƙarfe takwas, don haka dubbai ne suke son karin kumallo da ƙarfe bakwai, su kuma so lifta da takwas saura kwata. Masu ƙera jirage sun san wannan, shi ya sa suke rarraba manyan jirage zuwa unguwanni, bakwai a Oasis of the Seas tun asali, takwas a Icon of the Seas, kowace da gidajen abincinta da wuraren wasanta, domin jama'a su watsu. Suna ba kowane fasinja lokacin shiga tasha na daban, wasu sababbin jirage kuma suna da liftocin da mutum ke danna hawan da za shi tun daga waje, kwamfuta ta haɗa shi da masu zuwa wuri ɗaya. Waɗannan dabaru suna aiki, har akan sami wanda ya sauka daga jirgi mai dubu shida yana cewa bai ga cunkoso ba. Amma ikon mai ƙira yana ƙarewa ne a bakin jirgi.

Yini guda a Santorini

Hoton da ya sa matar ta zaɓi wannan tafiya shi ne na fararen gidaje da shuɗɗan ƙubbobin majami'u a ƙauyen Oia, a arewacin tsibirin Santorini. Tsibirin bakin wani tsohon dutse ne mai aman wuta da ruwan teku ya cika cikinsa, mazaunansa kimanin 15,500 ne, kuma ba shi da gaɓar da babban jirgi zai jingina. Jirage sukan tsaya a tsakiyar ruwa, ƙananan kwale-kwale masu inji su riƙa jigilar mutane zuwa tsohuwar tashar da ke ƙarƙashin garin Fira. Garin yana kan gangaren dutse mai tsayin sama da mita 200. Hanya uku ce zuwa sama: matakala kusan 600, bayan jaki ko alfadari a kan wannan matakala, ko motar igiya, wato akwatunan da ke hawa a jikin igiyar ƙarfe, masu ɗaukar mutum kimanin 1,200 a sa'a idan an haɗa masu hawa da masu sauka. Mai ciwon gwiwa hanya ɗaya yake da ita.

A ranar da suka isa, jirage da dama ne suka tsaya a ruwan. Shirin yini ya ce jirginsu zai tsaya daga ƙarfe 8 na safe zuwa 6 na yamma, kwale-kwale na ƙarshe zai baro tasha da 5 da rabi. Sa'a goma ke nan a takarda. Kwale-kwalen farko na waɗanda suka sayi yawon da kamfani ya shirya ne, da masu manyan ɗakuna, da waɗanda suka daɗe suna tafiya da kamfanin. Saura sai su karɓi lamba su jira a kira. An kira lambarsu da ƙarfe 11. A gindin dutse suka tarar da layin motar igiya ya miƙe a cikin rana, ba wurin zama, suka isa sama da 12 da rabi.

Akwai wata ƙa'ida da masanin Amurka John Little ya tabbatar a 1961, wadda ma'anarta a sauƙaƙe ita ce: a raba yawan mutanen da ke layi da yawan waɗanda ake sallama a minti, a sami tsawon jira. Matar ba ta san sunan ƙa'idar ba, amma ta yi shekaru tana amfani da ita a ɗakin jiran asibiti. Ta dubi layin masu sauka, wanda tun azahar ya fara tsawo a lungunan Fira. Layin yamma ya fi na safe muni, domin waɗanda aka kai wata tashar da safe aka zaga da su a bas, a Fira ake ajiye su, su ma da motar igiya za su sauka. Mutum kimanin 10 a minti kawai motar igiya take saukarwa. Oia tana da nisan kilomita goma da 'yan kai, sai an shiga bas, bas ɗin ma da layinta. Ta lissafa, ta ga idan suka je ba lalle su dawo kan lokaci ba, jirgi kuma ba ya jiran wanda ya makara in ba a yawon kamfani yake ba. Suka zauna a wani shagon shayi mai kallon teku, ya ɗora ƙafarsa a kan kujera. Da 3 da rabi suka shiga layi, suka isa ƙasa da ƙarfe 5.

Cikin sa'a goma, uku suka samu a tsibirin, Oia kuma ba su gan ta ba. Ba wanda ya yi musu ƙarya: jirgin ya zo Santorini, ya kuma tsaya sa'o'in da aka rubuta. Matar ba ta da wata takarda da za ta nuna wa kowa ta ce an saɓa alkawari. Abin da ta rasa lokaci ne, a tafiyar da ita da mijinta suka san ba za a maimaita ba.

Gaban layi ma haja ne

A 1985 David Maister, wanda ya koyar a makarantar kasuwanci ta Harvard, ya wallafa wata maƙala a kan halin ɗan Adam a layi. Daga cikin abin da ya lura da shi, jiran da ba a san ƙarshensa ba ya fi tsawo a zuciya, haka ma wanda ba a bayyana dalilinsa ba, kuma jiran da mutum ke ganin babu adalci a cikinsa ya fi cin rai. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi damun matar. A sashen gaggawa na asibiti ma ana tsallake layi, amma wanda jini ke zuba a jikinsa ne ake shigarwa gaban mai ciwon kai, kuma kowa a ɗakin ya gane dalili. A jirgi ta ga samari masu ƙarfi suna shiga kwale-kwalen farko saboda launin katinsu, mai sanda yana zaune yana jiran lamba.

Wannan tsari ne da ake sayarwa a fili. Carnival yana da Faster to the Fun, Royal Caribbean yana da The Key, dukansu ƙarin kuɗi ne da ke sa mutum a gaba wajen shiga jirgi da wasu hidimomi. MSC yana da Yacht Club, Norwegian yana da The Haven: ɓangarori ne a cikin jirgi masu ƙofar da sai da kati take buɗewa, da gidan abincinsu da tafkinsu. A zamanin Titanic aji uku ne, kowane da benensa. Harkar yawon shaƙatawa ta bunƙasa ne da alkawarin cewa kowa aji ɗaya ne, sai ga shi ajin ya dawo ta ƙofar baya. Abin lura a nan shi ne darajar irin wannan kati ta dogara ne da tsawon layi. Idan babu jira, ba wanda zai biya don ya tsallake shi. Wannan bai nuna kamfanoni suna ƙirƙirar layi da gangan ba, domin fasinjan da ya fusata ba ya dawowa, wanda ke tsaye a layi kuma ba ya sayen komai. Ya dai nuna cewa akwai wani mizani na cunkoso da kamfani ba ya asara da shi.

A ɗaya gefen teburin akwai waɗanda layin yake faɗowa a kansu. Yawancin ma'aikatan jiragen nan daga Filifin da Indonesiya da Indiya suke, kwantiraginsu kan kai wata shida zuwa tara, galibi ba ranar hutu cikakkiya. Yarjejeniyar aikin teku ta duniya ta 2006 ta ce a ba ma'aikaci hutun aƙalla sa'a 10 a kowane yini, sa'a 77 a mako, wanda ke nufin mutum zai iya aikin da ya kai sa'a 91 a mako ba tare da an karya ƙa'ida ba. Mai soya ƙwan da ake harara da safe shi ne mai share teburin dare. Fushin mai jira a kansa yake sauka, duk da ba shi ya yanke yawan tikitin da za a sayar ba.

Inda layi ya zama batun rai

Akwai layi ɗaya da kowa ke fatan kada a yi shi. A daren 13 ga Janairun 2012 jirgin Costa Concordia ya bugi dutse a gaɓar tsibirin Giglio na Italiya ɗauke da mutum sama da 4,200, mutum 32 suka rasu. Ɗaruruwan fasinjojin da suka shiga jirgin a ranar ba a riga an yi musu atisayen gaggawa ba, domin dokar lokacin ta ba da sa'a 24. Bayan haɗarin aka gyara dokar, atisayen ya zama wajibi kafin tashi ko da zarar an tashi. Dokar kare rayuka a teku ta tanadi cewa a iya sauke dukan kwale-kwalen ceto da mutanensu cikin minti 30 daga lokacin da aka ba da umarnin barin jirgi, bayan kowa ya hallara. An ƙera wa Oasis of the Seas kwale-kwalen ceto masu ɗaukar mutum 370 kowanne. Amma hallarar ita ce aikin, kuma a lokacin gaggawa ba a amfani da lifta. Tsohuwar ma'aikaciyar jinya ta yi wannan tunani tun ranar farko, ta ƙidaya matakalar da ke tsakanin ɗakinsu da wurin taruwa.

Cuta ma tana son cunkoso. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka tana bayyana ɓarkewar amai da gudawa a jirgi da zarar kashi 3 cikin 100 na fasinja ko ma'aikata sun kamu. A Fabrairun 2020 aka killace Diamond Princess a tashar Yokohama ta Japan da mutum 3,711, sama da 700 suka kamu da korona.

Garuruwan da suka fara ƙidaya

Layin da fasinja ke tsayawa a ciki na yini guda, mutanen gari suna zaune da shi duk bazara. Daga 1 ga Agustan 2021 Italiya ta hana jiragen da suka haura tan 25,000 ratsa tsakiyar birnin Benis. A Nuwamban 2022 mazauna Bar Harbor a jihar Maine ta Amurka suka kaɗa ƙuri'ar taƙaita masu sauka zuwa 1,000 a yini. Juneau, babban birnin jihar Alaska, ya yi yarjejeniya da kamfanoni a kan manyan jirage biyar a rana daga 2024. Santorini ta sa iyakar fasinjan jirgi 8,000 a yini, gwamnatin Girka kuma ta fara karɓar yuro 20 daga kowane mai sauka a Santorini da Mykonos a tsakiyar bazara daga 2025. Ko da iyakar 8,000 ɗin, idan rabinsu suka nufi motar igiya a lokaci guda, na ƙarshe zai jira fiye da sa'a shida.

Kamfanoni sun sami tasu amsar, wato tashoshin da su ke da iko da su. Royal Caribbean ya kashe kimanin dala miliyan 250 wajen gyara tsibirin CocoCay a Bahamas, ya sake buɗe shi a 2019 da gadar da manyan jirage ke jingina. A can babu majalisar gari da za ta sa iyaka, babu kwale-kwalen jigila, kuɗin da fasinja ya kashe kuma aljihun kamfani yake komawa. Layi ya ragu, sai dai wurin da aka kai mutum wuri ne da aka gina domin a kai shi.

Wanda ke shirin irin wannan tafiya yana iya yin lissafin da takardar talla ba ta yi masa ba. Ya raba tan ɗin jirgi da adadi na biyu, ba na farko ba: a Icon of the Seas sakamakon yana sauka daga 44 zuwa ƙasa da 33. Ya duba ko makon ya faɗa hutun makarantu. Ya tambayi waɗanne tashoshi ne jirgi ke jingina, waɗanne ne sai da kwale-kwale. Tashoshi da yawa suna wallafa jadawalin jiragen da za su zo kowace rana, ana iya ganin ko jirgi ɗaya ne ko biyar. Mai tafiya da tsoho ko mai lalura ya fi kowa buƙatar wannan lissafi, domin duk hanyoyin kauce wa layi, matakala da sauri da sammako, na masu lafiyar jiki ne.

A watan Agustan 2025 Star of the Seas, ƙanin Icon of the Seas mai kusan girmansa, ya fara ɗaukar fasinja daga Florida, kuma ana ci gaba da ƙera wasu irinsa a Turku.